Idan mota ta kama karkarwa da zarar an sa giya an taka birki

Ƙanin mahaifina yana da Toyota Camry samfurin 2005, irin wadda dillalan mota ke kira Big Daddy. Wata safiya ya kira ni, muryarsa da damuwa. Ya ce, "Ɗana, motar nan ta fara ba ni tsoro. Ina tafiya lafiya lau, amma da na tsaya a danja sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, har madubi ba na iya gani da kyau. Na kai ta gareji, an ce giya ce ta fara lalacewa, in nemi kuɗin wata 'yar Beljiyam." Na ce, "Baba, kar ka ba da ko kwabo tukuna. Idan ka mayar da giyar kan N, karkarwar tana nan ko tana ɗaukewa?" Ya ce tana ɗaukewa ɗif, kamar an yi ruwa an ɗauke.

Wannan amsa ita ce ke sa mutane da yawa su ɗora wa giya laifi. A ido, lissafin ya fita: an sa giya mota ta yi rawa, an cire giya ta natsu. Amma a mafi yawan motocin da ke wannan ciwo, giyar lafiyarta ƙalau. Abin da take yi kawai shi ne ɗora wa inji kaya, kayan kuma su tona raunin da ya riga ya kwanta a wani wurin. Mai ciwon gwiwa ba ya jin komai a zaune, sai ya ɗauki buhu ya miƙe, kuma ba wanda zai ce buhun ne ya kawo masa ciwon.

Da farko dai, babu injin da ba ya girgiza. Injin mai silinda huɗu, irin na wannan Camry da Corolla da yawancin Accord, yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi ɗaya. Idan mota tana tsaye a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, inji ya yi zafi yana juyi 700 a minti, wutar na tashi sau 1,400 ke nan a minti, wato kusan sau 23 a daƙiƙa ɗaya. Kowane tashin wuta naushi ne. A kan hanya, inji na juyi 2,500 ko 3,000, naushin yana zuwa kusa da kusa har ya haɗe ya zama sumul. A silo kuwa akwai tazara tsakanin wannan naushi da na gaba, kuma irin wannan bugu mai tazara shi ne sitiyari da kujera da dashbod suka fi amsawa. Shi ya sa juyi 100 kacal idan ya ragu a silo, mai mota yakan ji shi a ƙashin bayansa. Mai silinda shida yana tashin wuta sau uku a juyi, don haka ya fi laushi tun asali.

To me ke canzawa idan aka ja giya zuwa D? Motar otomatik ba ta da kulocin ƙafa. A tsakanin inji da giyabos akwai wani tulun ƙarfe cike da man giya, makanikai na ce masa kwambata. A cikinsa akwai abu kamar fanka biyu suna fuskantar juna. Inji na juya ta farko, ita kuma ta watsa mai ya tura ta biyu, ta biyun ce ke kai ƙarfi ga tayoyi. A kan P ko N, fanka ta biyu sake take, tana bin ta farko ba gardama. A kan D ko R kuwa an ɗaure ta da tayoyi, kai kuma ka danne tayoyin da birki. Fanka ta farko tana ta dama mai tana tura abin da ya ƙi motsi. Daga nan abu biyu ke faruwa lokaci guda. Nauyi ya hau kan inji, juyinsa ya ɗan sauka, kwamfutar mota ta ƙara masa iska da fetur don ya riƙe. Sannan inji da giyabos gaba ɗayansu su murɗa su jingina da robobin da ke riƙe da su a jikin mota. A kan D suna jingina ta gefe ɗaya, a kan R ta ɗaya gefen.

Duk binciken a kan waɗannan biyun yake. Ko dai injin ne da kansa yake ɗingishi saboda nauyin ya fi ƙarfinsa, ko kuma injin lafiya lau yake, girgizarsa ta yau da kullum ce ta samu hanya ta shiga jikin mota. Wanda ya raba waɗannan biyu ya yi rabin aiki, kuma ba a bukatar sifana ko ɗaya kafin a raba su.

Da na isa gidan Baba, abin da muka fara yi ke nan. Muka bar motar ta yi zafi sosai, domin inji mai sanyi silonsa sama yake, yana ɓoye matsala. Muka kashe esi da fitilu da rediyo. Na zuba wa allurar da ke nuna juyin inji ido, ina bin giya ɗaya bayan ɗaya, ƙafata a kan birki. Allurar nan shaida ce da ba ta ƙarya. Idan tana tsaye cak a wajen 650 zuwa 750 amma mota na rawa, hankali ya koma kan robobin da ke ɗauke da inji. Idan tana lilo, ta sauka ta hau kamar inji zai mutu ya farfaɗo, matsalar a cikin injin take. Idan kuwa tana tsaye amma ta yi ƙasa fiye da kima, a ce wajen 500 ko 550, to inji ba ya samun iskar da ta ishe shi, ko wani abu na jan sa ƙasa. Kunne ma na taimakawa. Ka je bayan mota ka saurari salansa: inji mai lafiya numfashinsa a jere yake, mai fashin wuta kuwa za ka ji yana "fut, fut" jefi-jefi.

Robobin nan, waɗanda a gareji ake kira injin sit da giya sit, sun fi komai yawan zama sanadi, kuma su aka fi rainawa. Motar da injinta ke kwance a gicciye takan sami uku ko huɗu. Wasu roba ce zalla. Wasu kuma, musamman manyan, akwai ruwa a cikinsu da ke bi ta ƙananan ƙofofi yana shanye girgiza. Wasu Honda masu silinda shida ma har da tiyon iska a jikin sit ɗin, wanda ke sa shi ya yi laushi a silo ya yi tauri a kan hanya, kuma idan tiyon nan ya tsage ko aka manta ba a mayar da shi ba bayan wani gyara, sit ɗin zai zauna da taurinsa mota ta yi ta rawa a danja. Yawancin motocinmu sun yi shekaru goma ko fiye a Amurka ko Turai kafin su sauka a Kwatano ko Legas. Robar ta riga ta tsufa, sai ta zo ta haɗu da zafin watan Afrilu da ramukan hanya da baƙin mai da ke ɗiga a kanta, shi kuwa baƙin mai cin roba yake yi. A hankali sai ta zauna, ƙarfen sama ya kusa taɓa na ƙasa. A kan N inji na zaune a tsakiya, ba a jin komai. Da an sa D ya jingina, ƙarfe ya sami ƙarfe.

Alamarsu a fili take ga mai lura. Sau da yawa rawar ta fi tsanani a giya ɗaya, a ce R ta fi D, ko D ta fi R, saboda robar da aka jingina da ita daban ce. Akan ji "gum" lokacin da giya ta shiga. Idan aka haska tocila za a ga tsaga a robar, ko sawun baƙin ruwa da ya zubo ya bushe a ƙarƙashinta. Ana gwadawa kamar haka: a buɗe bonet, a ja birkin hannu, a sa dutse a tayoyi, direba ya danne birki da ƙarfi ya sa D ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya yi haka a R. Mai kallo ya tsaya a gefe. Ina roƙo da babbar murya, kar kowa ya tsaya a gaban mota ko bayanta lokacin wannan gwaji, ƙafa na iya zamewa. Inji zai ɗan motsa, wannan daidai ne. Amma idan ya yi tsalle kamar zai fito, akwai sit ɗin da ya rabu. Gwaji na biyu ya fi wannan nuna gaskiya ga robar da ta zauna ba tare da ta tsage ba: a sa jak da faffaɗan katako a ƙarƙashin inji, a ɗaga shi kaɗan, iya yadda nauyi zai sauka daga kan robar. Idan rawar ta ragu nan take, an kama ɓarawo.

A nan ne kuma ake yawan yin asarar kuɗi sau biyu. Mutum ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a nuna masa sit iri biyu ko uku, ya ɗauki mafi araha. Siffarsa ɗaya da na asali, amma cikinsa roba ce mai tauri, babu ruwa. A ɗaura, mota ta fi da rawa, sai a ce ai ga shi an canza sit bai yi ba, lallai giya ce. Haka wanda ake cusa wa robar taya ko a yi masa walda. Zai riƙe inji kam, amma aikin sit ba riƙewa kaɗai ba ne, har da shanye girgiza. A ganina, na asali ɗan Beljiyam mai lafiya ya fi sabo na jabu nesa ba kusa ba. Wajen ɗaurawa ma akwai ƙa'ida: a sassauta sauran, a bar inji ya zauna da nauyinsa, sannan a ɗaure duka. Idan aka ɗaure shi a murɗe, sabon ma zai kawo rawa. Kafin a rufe bonet a duba ko salansa ko bututun esi na taɓa jikin mota, domin ƙarfe ɗaya da ya jingina ya isa ya kai girgiza har kujerar baya.

Idan allura ce ke lilo, sai a koma kan abu uku da kowace silinda ke bukata: wuta, cakuɗin iska da fetur, da matsi. A nan na'urar bincike ta fi hasashe. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, inda ake jona na'ura a karanta abin da kwamfuta ta gani. Lambar P0300 na nufin wuta na fashi a silinda daban-daban. P0301 zuwa P0304 kuwa suna faɗin silindar da abin ya shafa, lambar ƙarshe ita ce silindar. Idan ta nuna P0302, ba sai an sayi koyil huɗu ba, wato abin da ke ba fulogi wuta. A ɗauki koyil ɗin silinda ta biyu a musanya da na ta uku, a goge lambar, a sake tayarwa. Idan ta koma P0303, koyil ne. Idan ta tsaya a kan ta biyu, a yi wa fulogi irin wannan musanya, sannan nozul mai fesa fetur. Idan duk an musanya matsalar ta ƙi barin silindar, a auna matsinta, wataƙila bawul ya ƙone ko ringi ya gaji. Lokacin da aka zare koyil a leƙa ramin fulogi: idan akwai baƙin mai a ciki, gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo, kuma zai kashe sabon koyil kamar yadda ya kashe tsohon. Fulogin jabu ma sun cika kasuwa, a kwali mai kyau da sunan Denso ko NGK. Na gaske mai bakin iridiyam yana iya yin kilomita 100,000 ko fiye, na jabu kuwa wata kaɗan ya fara fashi. Idan fitilar cek injin tana ƙiftawa maimakon ta tsaya a kunne, wannan ba abin a jira ƙarshen wata ba ne. Ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana ƙona matatar hayaƙi, ga kuma asarar man da tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san zafin kuɗinsa.

Akwai kuma iskar sata. Inji na son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, kuma kwamfuta tana auna iskar da ta bi ta ƙofa ne kawai. Idan wani tiyo ya tsage, ko gasket ya saki, iska ta shiga ta bayan gida, fetur ya yi kaɗan. A silo abin ya fi tsanani, saboda iskar da inji ke sha a lokacin kaɗan ce, ta satar sai ta zama babban kaso. Lambarta P0171. Mai na'urar da ya san aikinsa zai duba yawan fetur ɗin da kwamfuta ke ƙarawa don cike giɓi: idan ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, amma ya sauko da aka ɗaga juyi zuwa 2,500, iskar sata ce. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta yi suna da wannan, gasket ɗin bututun shigar iska yakan saki, musamman da sanyin safiya. Wata ɓoyayyar hanyar ita ce tukunyar iska da ke bayan fedar birki. Idan fatar cikinta ta huje, iska na shiga inji ne daidai lokacin da aka taka birki, wato daidai lokacin da mai mota ke tsaye a giya. Gane ta ba wuya: a bar giya a P, a taka birki a saki. Idan allura ta motsa sosai ko aka ji huci a ƙarƙashin dashbod, ga ta nan.

Silon da ya yi ƙasa kuwa, mu a nan ƙura ce babbar sanadinsa. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta zama danƙo a maƙogwaron inji, wurin da makanikai ke kira totur bodi. A silo, ƙofar nan a kusan rufe take, iska na bi ta siririyar tazara, danƙo kaɗan ya isa ya shaƙe ta. Tsofaffin motoci masu wayar totur suna da ƙaramin bawul na silo a gefe, shi ma yakan cushe. Wankewa na gyara shi, amma bayan wanki ko cire batir kwamfuta na bukatar ta sake koyon silo. Wasu motocin suna koya da kansu bayan 'yan tafiye-tafiye, wasu kamar Nissan sai an bi matakai na musamman ko an sa na'ura. A duba filtar iska ma, da na'urar auna iska da ke bayanta.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne al'adar cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta na ɗaukarsa mai sanyi, ta yi ta ba shi fetur fiye da kima, fulogi su yi baƙi, silo ya lalace a hankali. Man da ake sha ma yana da hannu. Wanda ya ga rawar ta fara ne washegarin da ya sayi mai a galan a bakin hanya, ya fara zargin man kafin komai. Ko gidajen mai ba su tsira ba a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙa'ida ya lalata motoci a Legas da Abuja.

Idan rawar ba ta zuwa sai an kunna esi ko fitilu, to nauyin ne ya ƙaru kwamfuta ta kasa cikewa, ko kwamfiresa ya fara ƙafewa, ko caji ya yi rauni. Mai wayarin zai auna batir inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Giya fa, ba ta taɓa zama mai laifi? Takan zama, amma da wuya ta zo da rawa ita kaɗai. A cikin kwambata akwai wani kuloci da ke kamawa idan mota ta miƙe a hanya, ya saki idan za a tsaya. Idan ya maƙale, mota za ta yi fizga ta mutu da an taka birki, tamkar mai giyar hannu ya tsaya bai taka kuloci ba. Farantin da ke haɗa inji da kwambata idan ya tsage, ƙara yake yi kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Giyabos mai ciwo yakan yi jinkirin shiga, ko ya yi santsi a hanya, inji na ihu mota ba ta gaba, mansa ya yi baƙi yana warin ƙuna. A tabbatar kuma man da aka zuba shi ne nata: wannan Camry man giya mai suna T-IV take sha, ba kowane jan mai ba. Idan babu ko ɗaya daga waɗannan alamu, mota na canza giya sumul a hanya, ban ga dalilin sauke giyabos ba. Haka kuma ban yarda da a ɗaga silo don rawa ta ɓace ba. Rawar za ta ragu, amma ciwon na nan, mota za ta riƙa fizga idan an sa giya, birki ya ƙara wahala, mai ya ƙara tafiya.

A motar Baba, allura ba ta lilo, salansa na numfashi a jere, na'ura ba ta nuna lambar komai ba. Amma a kan D juyin yana sauka wajen 550, kuma rawar ta fi yawa a D fiye da R. Da muka haska sit ɗin gaba, robar ta zauna, ga sawun ruwan da ya zubo ya bushe da ƙura a kansa. Muka koma wurin makaniken nasa, na ce, "Oga, don Allah kafin a taɓa giya, a sa mana jak a ƙarƙashin injin nan mu gani." Bai yi musu ba. Yana ɗagawa kaɗan, ya sa tafin hannunsa a kan sitiyari, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sit ne." Ya tura yaronsa kasuwa da tsohon a hannu, da sharaɗin na asali mai ruwa zai kawo, shi kuma ya kwance totur bodi ya wanke danƙon da ya toshe shi. Kafin la'asar an ɗaura, silo a kan D ya koma kusa da 700. Baba ya ja motar muka fita, a danjar farko ya tsaya, ya saki sitiyarin ya zuba wa madubin tsakiya ido, yana iya karanta lambar motar da ke bayanmu.